Neman shawara: an ɗora mini darasin rubutun majinyata a kwamfuta, ta ina zan fara?

Malamar Jinya:

Assalamu alaikum iyayena da abokan aiki. Ina koyarwa a wata kwalejin jinya a nan cikin garin Sakkwato, kuma shawararku nake nema.

Hukumar makarantarmu ta yanke cewa daga zango mai zuwa 'yan aji biyu za su fara koyon ajiye bayanan majinyata a kwamfuta kafin mu tura su asibiti, kuma ni aka ɗora wa darasin. Dalilin a fili yake. Wasu wuraren da yaranmu ke zuwa fostin sun fara rage amfani da foda, wato fayil ɗin takarda na majinyaci, likita a kwamfuta yake rubuta magani, sakamakon gwaji ma ta nan yake dawowa. Sai ɗalibarmu ta je ta tsaya bayan sista tana kallo, ba ta san inda ake dubawa ba, kunya kuma ta hana ta tambaya, har fostin ya ƙare.

Muna da ɗakin kwamfuta da aka haɗa don atisayen jarrabawa, amma sai an zauna biyu-biyu kafin ya ɗauki aji guda. Sola na riƙe mu da rana muddin ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki ba. Intanet kuwa yau akwai gobe babu. Kuɗin sayen manhaja ba a sa shi a kasafin bana ba.

To wace manhaja zan nema? Wani abokin aiki ya nuna mini irin waɗanda makarantun jinya na Amurka ke amfani da su, SimChart da DocuCare. Sun yi kyau ƙwarai, sai dai da dala ake biya kuma kowane ɗalibi da nasa kuɗin. Wani kuma ya ce mu roƙi asibiti ya ara mana tsofaffin foda mu shigar da su, don yara su koya da majinyata na gaske. Raina bai kwanta da wannan ba, amma ban sami hujjar da zan tare shi da ita a taron malamai ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne, cikin yaran nan akwai waɗanda har yanzu takardar lissafin ruwan da ya shiga jikin majinyaci da wanda ya fita ke ba su wahala. Anya ba mu yi azarɓaɓi ba?

Baban Khairat:

Malama ki haɗa musu fom a Excel kawai, suna, shekaru, zafin jiki, magani. Ai duk abu ɗaya ne.

Injiniyan Asibiti:

Wa'alaikumus salam. Baban Khairat ka yi haƙuri, ba ɗaya ba ne. A Excel kowa na iya goge lamba ya sa wata, babu wanda zai san an taɓa. Manhajar asibiti kuwa tana riƙe sunan wanda ya rubuta, da ranar, da mintin, kuma in an gyara tana ajiye tsohon. Wannan shi ne abin da ake son yara su saba da shi, in aka cire shi koyon buga rubutu kawai ya rage.

Malama, matsalar kuɗi da ta intanet duk suna da mafita. Akwai manhajoji na kyauta da aka yi don asibitoci irin namu. Wadda zan ce ki fara dubawa ita ce OpenMRS. A 2004 aka fara ta, haɗin gwiwar cibiyar Regenstrief ta Indiyana da ƙungiyar Partners In Health, kuma a Eldoret ta ƙasar Kenya aka fara aiki da ita wajen kula da masu ƙanjamau. Ma'ana tun asali an gina ta da sanin wuta na ɗaukewa kuma ma'aikata ba su da yawa. Akwai Bahmni, wadda aka ɗora a kan OpenMRS ɗin aka ƙara mata ɓangaren gwaje-gwaje da na kantin magani da lissafin gadaje, a wani asibitin karkara a Indiya aka fara ta. Ita ta fi kama da cikakken asibiti, amma ta fi nauyi kuma sai wanda ya san tsarin kwamfuta na Linux zai girka miki ita ba tare da ciwon kai ba. Akwai kuma OpenEMR, mai sauƙin girkawa, sai dai ta fi karkata ga asibitin je-ka-dawo na Amurka, cike take da shafukan inshora da ba ruwanku da su.

Intanet sau ɗaya kike buƙatarsa, ranar saukewa. Daga nan ki ware kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ta zama saba, wato wadda za ta riƙe manhajar da bayanan duka, a haɗa ta da rauta, sauran su riƙa shiga ta burauza a cikin ɗakin. Ko data ta ƙare a duk Sakkwato aji zai ci gaba. Sabar nan ita za ki lallaɓa: ki sa mata batiri nata na daban don kada ta mutu tsakiyar rubutu, ki ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa hure mata ƙura lokacin hunturu. Zafin Afrilu, wanda ke haura 40, ya fi rashin wuta kashe kwamfuta a garin nan, don haka darasin ya zama na safe.

Bayan kin gama shirya majinyatan darasi, a ɗauki kwafin komai a ajiye. Aji ya yi rubutunsa, ya yi kurakuransa, a duba, sannan a mayar da kwafin farko don aji na gaba. Kamar allo ne, a rubuta, malam ya duba, a wanke.

A ganina ma da zarar sun kama, ki sallami takarda. Inda duniya ta dosa ke nan.

Tsohuwar Metiron:

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Ni tsohuwa ta, na aje aiki, amma tunda kin tambaya bari in hwaɗa miki. Tambayarki ta ƙarshe ita ta babba, kuma ita ce Injiniya yat tsallake.

Kwamfuta ba ta taɓa majinyaci. Lambad da anka ba ta ita take riƙewa. In yarinya ba ta iya aza yatsu ta ƙidaya bugun jini ba, in ba ta da haƙurin tsayawa minti guda cur tana kallon ƙirjin mutum, to ƙarya za ta shigar, sai dai ƙaryar ta hito da tsabta. Ku je kowane wod ku buɗe takardun awo ku dubi layin numhwashi. 20, 20, 20, tun daga gadon hwarko har na ƙarshe, sai ka ce dut huhu guda suke amhwani da shi. Alhali numhwashi shi ka hwara canzawa in majinyaci zai rikice, kahin zahi, kahin hawan jini. Wanga ciwo ba manhaja ka maganinai ba.

Sannan akwai abin da hannu ka koya ma ido. Da munka yi makaranta, kai da kanka kake ɗiga zahi da bugun jini bisa takarda ka ja layi. In ka yi haka ma macen da anka yi ma aiki, kag ga layin bugu shina hawa, hawan jini shina sauka, ba sai an hwaɗa maka jini take zubarwa ciki ba. Takardar ruwa ma haka. Wadda tat tara abin da yash shiga da abin da yah hita da hannunta na awa 24, ita ka jin nauyin lambar. In na'ura tat tara mata tun ranar hwarko, ba za ta san lokacin da jimla ta zama abin tsoro ba.

Don haka ni ban yarda a sallami takarda ba, Injiniya. A hwara da ita, su ƙware, sannan a kai su ga kwamfuta.

Amma gaskiya guda zan ba ka. Bisa takarda, mai dutin dare na iya kwana ta tashi da assalatu ta cike awon ƙarhe goma da na biyu da na shida zama guda. Mu da biro muke gane su, tawada iri guda, hannu iri guda, ba gajiya cikin rubutun. Wani lokaci mu kama, wani lokaci su sha. In har na'urag ga na rubuta lokacin da anka shigar da abu, to ta yi aikin da ni ban iya yi ba sai da hwaɗa.

Jami'in Adana Bayanai:

Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Malama, ni kan maganar aron foda zan tsaya, don aikina ke nan. Kada ki yarda, kuma ga hujjar da za ki kai taro.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da jinyarsa, da zamansa a asibiti, sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce ko umarnin kotu ko wani dalilin da doka ta ambata. Ta kuma ɗora wa shugaban asibiti alhakin hana wanda ba shi da hurumi kaiwa ga bayanan. Sai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta wa kariya, ta kuma kafa hukumar da ke bin kadi. Majinyacin nan don a yi masa magani ya faɗi sirrinsa. Ɗalibin da ke fostin a wod yana ganin foda ne a matsayin mai taya jinya ƙarƙashin kulawa. Kwashe fodar a kai ta ɗakin kwamfutar makaranta, inda aji bayan aji zai buɗe, wani abu ne daban.

Malamar Jinya:

Na gode Yallaɓai. Shi mai shawarar cewa ya yi a goge sunaye da lambar kati. Ko hakan ma bai wadatar ba?

Jami'in Adana Bayanai:

Bai wadatar ba, Malama, musamman a gari irin namu. Ki cire suna, amma ki bar cewa mace ce 'yar shekara 19, daga unguwa kaza, amarya, an kwantar da ita satin Babbar Sallah, gwajin kaza ya nuna tana ɗauke da kaza. A ajin mutum ɗari za a rasa wadda ta halarci bikin? Ko a ce an taɓa tura mutum Kware ganin likitan ƙwaƙwalwa. Magana ɗaya irin wannan in ta fita tana iya kashe aure ko ta hana shi. Ga kuma waya a hannun kowa, ɗaukar hoton fuskar kwamfuta ba ya cin daƙiƙa biyu.

Tunda na fara, bari in roƙi alfarma. In za ki tsara darasin nan, ki ba rajistar majinyaci mako guda cur, don a nan muke shan wahala da sababbin ma'aikata. Ki tsaya a layin kati ki kira Aisha Abubakar ki ga mata nawa za su miƙe. Mutum ɗaya yau an rubuta shi Muhammadu, wata mai zuwa Mamman, wani ma'aikacin kuma ya taƙaita sunan da haruffa uku. Uwa ta kawo ɗan fari, alkunya ta hana ta faɗin sunansa, sai ta ba da laƙabi, ran da uban ya kawo shi kuma ya ba da sunan yanka. Shi ke nan yaro ɗaya ya zama mutum biyu a kwamfuta, maganin da jikinsa ba ya so yana rubuce a fayil ɗin da ba a buɗe ba. Akwai kuma aron kati, ƙanwa ta zo da katin yayarta don gudun kuɗin sabo, rukunin jinin da ke ciki ba nata ba.

Ki koya musu su nema kafin su buɗe sabon fayil, su gwada rubutun sunan ta hanya biyu ko uku, su haɗa da unguwa da lambar waya da sunan miji ko uba. Kuma kada su ce "ke ce Aisha?", don mai jin kunya ko mai jin jiki e kawai za ta ce. Su ce "Baba, ya sunan?" su bari a faɗa musu. Shekaru ma haka. In an ce an haifi yaro shekarar ambaliyar da ta cinye gadar jami'a, 2010 ke nan, OpenMRS na da wurin nuna cewa ƙiyasi ne. Su yi amfani da shi maimakon ƙirƙiro rana da wata.

Ungozoma daga Tambuwal:

Anti Malama, ƙirƙirar majinyata ba wuya gare ta ba, kuma sun fi na gaske amfani a aji, don ke kike dasa tarkon inda kike so. Akwai wata manhajar kyauta, Synthea, da ke ƙero majinyatan bogi da yawa, amma 'yan Amurka take ƙerowa da cututtukansu. Ki tara malamai ku zauna da shayi ku rubuta naku, irin waɗanda yaran za su tarar da gaske: jijjiga, zubar jini bayan haihuwa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tamowa, sanƙarau lokacin zafi, amai da gudawa da damina, sikila.

Ga misalin da nake ba masu zuwa wurina. Yarinya mai cikin fari, an kawo ta daga ƙauye tana jijjiga, hawan jini 170 bisa 110. An fara mata allurar magnesium sulphate, maganin tsayar da jijjiga, a tsarin Pritchard: giram 4 ta jijiya, giram 10 a tsoka, biyar kowane ɓangare, sannan giram 5 duk bayan awa 4. Kafin kowace allura ta gaba dole a duba abu uku: gwiwa na harbawa in an buga, numfashi bai yi ƙasa da 16 a minti ba, fitsari ya kai mil 100 a awa huɗun da suka wuce. To ki shigar da awon farko da na biyu lafiya lau. A na uku ki sa fitsari mil 60, numfashi 12, amma ki bar su a shafin awo, shafin magani kuma yana nuna lokacin allura ya yi. Ki zauna ki gani. Wadda ta buɗe shafin magani kawai za ta danna "an bayar". Wadda ta fahimci aikin za ta koma shafin awo, ta dakatar, ta rubuta dalili, ta kira likita, ta tabbatar calcium gluconate, makarin magnesium in ya yi yawa a jiki, na kusa.

A nan ne nake ganin haɗarin kwamfuta ya fi na takarda. A foda komai na hannunka, kana juya shafi idonka na faɗawa kan abin da ba ka nema ba. A kwamfuta abin da ka danna kaɗai kake gani.

Af, tunda a Sakkwato muke, ki gaya musu akwai gajeren tsarin ba da magnesium sulphate ɗin nan da ake kira da sunan garin nan, wanda likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka wallafa a 2009, allurar farko kaɗai ba tare da na bayan awa huɗu ba. Ba don su yi aiki da shi da kansu ba, wannan hukuncin likita ne da tsarin asibiti. Don dai su san daga wod irin wanda suke tsaye a ciki, da rubutun da aka adana da kyau, ake fitar da ilimin da duniya ke karantawa.

Misali na biyu, na yara. Yaro mai kilo 12, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, an rubuta masa allurar artesunate. Wanda bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, wato 36, a farko, da bayan awa 12, da bayan awa 24. Ki sa a ce mai awo ta juya lambar ta rubuta 21. Tunda ya wuce kilo 20, yanzu lissafi ya koma miligiram 2.4 a kowane kilo, jimla ta haura 50. Na'ura ba ta yi kuskure ba, abin da aka ba ta ta lissafa. Ɗalibar da ta dubi shekarun yaron ta ce kai, ɗan shekara biyu da kilo 21, bari in sake aunawa, ita ce ta ci darasin.

'Yar Mabera a Ingila:

Malama sannu da ƙoƙari. Kada zaɓen manhaja ya hana ki barci. A nan asibiti kaza Epic yake amfani da ita, na kusa da shi Cerner, wani kuma tasa daban, kuma duk inda ka koma sai sun sake koya maka tasu kafin su ba ka izinin shiga. Ba wanda ya tambaye ni wacce na iya. Abin da ake sa wa ido halayya ce.

Lambar sirrinka ita ce sa hannunka. Duk abin da aka rubuta da ita kai ka rubuta, ko kana gida kana barci. Mu kuwa mun taso da kara, in babbar sista ta ce "ɗan ba ni naki in shigar da abu" nauyi ba zai bari ka hana ba. Ki sa su yi atisayen hanawa cikin ladabi, da bakinsu, a gaban aji, har ya daina yi musu nauyi. Haka tashi a bar shafi a buɗe. Haka leƙa fayil ɗin wanda ba kai ke jinyarsa ba. A nan ana korar mutum a kan ya buɗe na maƙwabcinsa ko na ɗan'uwansa, ko bai gaya wa kowa ba, don manhajar na rubuta duk wanda ya buɗe.

Sai kwafe rubutun jiya a manna a na yau. Yana da sauƙi, shi ya sa yake da haɗari. Za ki ga an rubuta ciwo na warkewa kwana uku a jere alhali ya fara ruwa.

Maganar Mama Metiron kan numfashi gaskiya ce har a nan. Muna da ma'aunin NEWS2, kana shigar da awo na'ura na haɗa maki, in ya kai 5 a kira likita da gaggawa, in ya kai 7 a tashi tawagar ceto. Amma in 18 ɗin da ka saba rubutawa ka sa ba tare da ka ƙirga ba, makin zai fito lafiya mutum yana tafiya.

Abu na ƙarshe, kada su ba majinyaci baya. Mutanenmu da gaisuwa ake buɗe bakinsu. Tsohon da ka tambaya ya gida ya iyali kana dubansa zai gaya maka ya sha jiƙo kafin ya zo. Wanda kake yi wa tambaya idonka na kan kibod zai ce maka lafiya lau.

Ɗaliba 'yar aji uku:

Malamai ku yi mini afuwa in sa baki. Ana ɗauka mun iya kwamfuta saboda muna danna waya kuma mun yi JAMB a kwamfuta. JAMB zaɓen A ko B ne. Da yawanmu da yatsa ɗaya muke neman haruffa, layi uku sai ya ci mana minti goma, shi ya sa muke taƙaita bayani har ya rasa ma'ana. A ba mu ko sati biyu na koyon kibod tukuna.

Kuma in an zaunar da mu biyu-biyu, wadda ta iya ita ke karɓe kibod kullum, ɗayar ta gama zango ba ta taɓa ba. Don Allah kowa da lambar shigarsa, kada a ba aji duka guda ɗaya.

Mai Tattara Alƙaluma:

Ƙarin bayani kaɗan, don na ji ana haɗa su a wurare da yawa. In wani ya ce ki koya musu DHIS2 ai shi gwamnati ke amfani da shi, ki sani aikinsa daban. Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ce ta samar da shi, kuma a nan galibi jimlar wata ake zubawa a ciki: haihuwa nawa, rigakafi nawa, zazzaɓi nawa, daga rajistocin asibiti. Ba a nan nas ke rubuta abin da ta yi wa mai gado na huɗu ba. Amma ki ba shi darasi guda, su ga inda lambobinsu ke ƙarewa da yadda ake raba magani da ma'aikata da su.

Kuma OpenMRS ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. NigeriaMRS da ake amfani da ita a dakunan kula da masu ƙanjamau a kanta aka gina ta, ga kuma wata manhajar, LAMISPlus, a wasu wuraren. Ma'aikatan waɗannan dakuna sun daɗe suna wannan aiki, ki gayyaci ɗaya ya yi wa yara magana.

Injiniyan Asibiti:

Mama, na karɓi gyara rabi. Ko asibitin da ya fi kowa kayan aiki yana ajiye fom na takarda don ranar da na'ura ta tsaya. Amma ban yarda sai sun gama ƙwarewa a takarda za su taɓa kwamfuta ba. In aka jira wannan, za su kai aji uku ba su fara ba. A tafi da su tare.

Tsohuwar Metiron:

Tare ɗin na yarda, ɗana, in dai kowane darasi daga jikin mutum zai hwara. Su auna junansu da hannu, su rubuta bisa takarda, sannan su tashi su shigar. Ba a ba su lambobi cikin hwaranti ba.

Malamar Jinya:

Allah ya saka wa kowa da alheri, na sami abin da zan kai taro. Maganar aron foda ta mutu. Zan nemi a girka OpenMRS a ɗakinmu ba tare da intanet ba, kowace ɗaliba da kowane ɗalibi da lambar shigarsa, makonnin farko kibod da rajista. Masu zama biyu-biyu, ɗaya nas ɗaya majinyaci, a tsakiyar darasi su yi musaya. Anti ta Tambuwal, zan neme ki kan sauran majinyatan, musamman na zubar jini.

Saura abu ɗaya. Yaya zan ba da maki? In na ce saurin cikewa, masu kwamfuta a gida za su kwashe, kuma ba shi nake son aunawa ba.

Jami'in Adana Bayanai:

Kada sauri ya shiga maki ko kaɗan a zangon farko. Manhajar da kanta za ta ba ki abin dubawa. Fayil ɗin da aka buɗe na mai shi ne, ko an ƙirƙiro na biyu? Lokacin da aka ce an yi awo da lokacin da aka shigar da shi, tazarar nawa ce, kuma in an makara an nuna an makara? Da aka yi kuskure, an gyara da dalili ko an yi ƙoƙarin ɓoyewa? An fita daga shafi kafin a tashi? Sai tarkon Anti Ungozoma, wanda shi zan ba kaso mafi tsoka. Ki haɗa shi cikin tashoshin OSCE, jarrabawar aikin hannu da ake bi tasha-tasha, da kuka riga kuka saba, tasha guda ta gado, ta gaba ta kwamfuta, majinyaci ɗaya.

Tsohuwar Metiron:

Ki ƙara guda. Rana ɗaya cikin zango, ana tsakiyar aiki, Injiniya ya kashe sabar da gangan. Su ɗauko takarda su ci gaba da ba da magani da awo, in an kunna su mayar da komi ciki da ainihin lokacin da anka yi shi, ba lokacin da wuta tad dawo ba. Kuma kada ki sanar da su ranar, ko sauran malamai kada su sani, don akwai masu tausai da za su tsegunta musu.